Hiliyam ya ƙi zama wuri ɗaya: yadda wata tawaga ta yi abin hari da tsartuwar gas

Asalin lamarin

Tun daga 1975 taurarin ɗan'adam suke hango wani abu a sararin samaniya. Wuri ɗaya zai yi ta fitar da hasken eksire a hankali, kwatsam sai hasken ya ninka cikin 'yan daƙiƙu, ya lafa cikin minti ɗaya ko biyu, bayan 'yan sa'o'i ko kwana guda ya sake. Yanzu an san wurare fiye da 100 da ke yin haka. Bayanin da masana suka tsaya a kai shi ne, aikin tauraron nutiron ne, wato gawar wani babban tauraro da ta dunƙule har faɗinta bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, alhali ta fi rana nauyi. Wannan gawa tana zuƙo haidurojin da hiliyam daga tauraron da ke maƙwabtaka da ita. Gas ɗin ya taru a kanta, ya danne kansa, ya yi zafi, har wutar nukiliya ta kama. Zafin yakan kai digiri biliyan 1 ko ya haura.

A irin wannan zafi cibiyoyin zarra, wato dunƙulen da ke tsakiyar kowace zarra, suna haɗiye furoton (cibiyar haidurojin) da cibiyoyin hiliyam da sauri, tun kafin su sami sararin rugujewa. Shi ya sa yawancin cibiyoyin da ke cikin wannan ƙuna ba irin waɗanda ake haƙowa a ƙasa ba ne. Agon-34 (lambar tana nuna nauyin cibiyar), cikin daƙiƙa 0.85 rabinsa ya ruguje. Fulorin-17 yana kai daƙiƙa 64. Fulorin-18, mai tasiri a fashewar taurarin da ake kira noba, shi ne ya ɗan yi tsawon rai a cikinsu, minti 110. Duk mai son lissafa yadda hasken zai tashi da yadda zai sauka, sai ya san saurin haɗuwar waɗannan cibiyoyi da furoton ko hiliyam, kuma hanyar sani ta haƙiƙa ita ce a auna a ɗakin bincike.

Tawagar da wannan nazari ya bi ta ƙunshi masu bincike daga jami'o'i da ɗakunan binciken gwamnati a Amurka. A farkon lamarin aikinsu ya fi tattaruwa a wani ɗakin bincike a jihar Tennessee, inda ake iya ƙera cibiyoyi masu gajeren rai a harba su nan take.

A tsohuwar al'adar wannan fanni, abu mai nauyi ake shimfiɗawa ya zama abin hari, a harba masa furoton ko hiliyam. Jerin ƙwayoyin da ake harbawa shi ake kira bim. To amma ba a yin faranti da abin da zai ɓace kafin a rufe ƙofar ɗaki. Sai aka juya harbin: cibiya mai gajeren rai ta zama bim, haidurojin ko hiliyam ya zama abin hari. Daga nan matsalar ta tashi, domin waɗannan biyun gas ne, bim kuwa yana tafiya ne cikin bututun da aka zuƙe wa iska har matsinta ya koma kusan kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da muke shaƙa.

Akwai kuma ƙarancin bim ɗin. Na'ura tana iya harba furoton tiriliyan ko fiye a daƙiƙa. Bim na cibiyoyi masu gajeren rai kuwa, sau da yawa 'yan dubbai ne a daƙiƙa. Lissafin mai sauƙi ne: yawan ƙwayoyin bim a daƙiƙa, a ninka da yawan zarra a kowace murabba'in santimita ta abin hari, a ninka da yiwuwar haɗuwar, wadda ake aunawa da ma'aunin ban. A ɗauki misali: bim mai ƙwaya 3,000 a daƙiƙa, abin hari mai zarra 10¹⁹ (wato 1 da sifili 19 a bayansa), yiwuwar haɗuwa miliban 10 (miliban kashi ɗaya ne cikin dubu na ban). Za a sami haɗuwa kusan 26 a yini. Idan abin harin 10¹⁷ ne, sai a yi kwana huɗu ana jiran guda ɗaya, lokacin aiki da na'urar kuma mako ɗaya ko biyu ake ba tawaga.

Abin da tawagar ke nema ke nan: abin hari mai kauri, mai tsabta, wanda ya tsuke a wuri ɗaya, kuma wanda ba zai tare wa na'urorin gano ƙwayoyi hanya ba.

Zuwa 2010: leda

Abin da aka fara dogara da shi, kuma aka daɗe ana dogara da shi, falle ne na roba, dangin ledar da ake ƙulla kaya a kasuwa, sai dai an sirance shi ƙwarai. A cikin wannan roba kowace zarrar kabon tana riƙe da haidurojin biyu. Fallen da nauyinsa maikurogiram 100 ne a murabba'in santimita yana ɗauke da haidurojin kusan 8.6 × 10¹⁸. Kaurin ya isa, yana da arha, kuma an san daidai inda yake tsaye. Da irin wannan falle aka auna haɗuwar fulorin-18 da furoton a Tennessee a farkon shekarun 2000. Da ɗan'uwansa mai diyutiriyam, wato haidurojin mai nauyi, aka yi shahararren awon kuza-132 da aka wallafa a 2010.

Inda ya gaza wuri uku ne, kuma kabon ne ummul'aba'isin biyu. Bim ba ya bambance wanda aka nufa da wanda ya zo rakiya: yana dukan kabon yadda yake dukan haidurojin, kabon ɗin kuma ya watso furoton da sauran ƙwayoyi waɗanda ke cika na'ura da hayaniya. Don a cire wannan hayaniya sai a sake wani gwajin da fallen kabon zalla, a ci lokacin bim da dama bai wadata ba. Sannan kabon yana rage wa bim ƙarfi yayin ratsawa ba tare da ya ƙara komai ga awon ba, wanda ke sa layukan da ke nuna ƙarfin ƙwayoyi a sakamakon awo, waɗanda ake son rarrabewa, su yi faɗi su shiga juna. Na uku, bim mai nauyi yana cin robar: haidurojin yana tserewa daga wurin da ake duka, kaurin da aka auna da safe ya bambanta da na yamma.

Duk da haka, da haidurojin kaɗai ake buƙata, da an ci gaba da haƙuri da leda. Hiliyam ne ya ƙi. Ba ya haɗuwa da wani sinadari balle a yi roba da shi. Ba ya zama ruwa sai a digiri 4.2 sama da ƙarshen sanyi, kuma ba ya daskarewa a matsin iska na yau da kullum, kome sanyin da aka ba shi. Masu bincike a wurare da dama sun gwada cusa zarrar hiliyam cikin fallen ƙarfe ko silikon ta hanyar harba su ciki. Hiliyam ɗin da ke zama kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙarfen da ke riƙe da shi, wato an koma matsalar kabon, ta ma fi muni.

Akwati mai taga, da dogon ɗaki marar taga

Dabara ta gaba ita ce a zuba gas a ƙaramin akwati, a rufe mashiga da mafita da siraran tagogi na ƙarfe ko roba. Gas yana zama, ana iya ƙara masa kauri ta hanyar sanyaya shi. Amma ga bim mai nauyi marar ƙarfi sosai, irin wanda ake buƙata don kwaikwayon taurari, tagar tana iya cin ƙarfin da ya fi wanda gas ɗin kansa ke ci. Kowace ƙwaya kuma tana fita daga tagar da ƙarfi ɗan daban da na 'yar'uwarta, ta ɗan karkace. Kafin a kai ga hiliyam, an riga an ɓata sanin ƙarfin da haɗuwar ta faru a kai. Ƙwayoyin da haɗuwar ta haifar su ma sai sun ratsa taga kafin su isa ga na'ura.

Sai aka cire tagar. Ana barin gas a wani dogon ɗaki mai 'yan ƙananan ramuka a gaba da baya, bim ya shiga ta wannan ya fita ta wancan, famfunan zuƙe iska jere-jere su riƙa kwashe abin da ya yoyo kafin ya kai bututun bim. Wannan ya yi aiki, kuma har yau yana yi. Na'urar DRAGON da ke ɗakin binciken TRIUMF a Vancouver, Kanada, da irin wannan ɗaki ta auna yadda sodiyam-21 ke haɗiye furoton, aka wallafa a 2003. Su ma mutanen Tennessee da irinsa suka auna yadda fulorin-17 ke haɗiye furoton ya zama niyon-18, aka wallafa a 2009.

Dalilin nasarar a waɗannan awo shi ne, idan cibiya ta haɗiye furoton gaba ɗaya, sabuwar cibiyar tana ci gaba da tafiya kusan a miƙe, a tare ta can gaba da maganaɗisu a ƙirga. Ba dole ba ne a san ainihin inda abin ya faru. Amma akwai haɗuwar da cibiya ke haɗiye hiliyam ta tofar da furoton, irin ta agon-34 da ke komawa fotasiyam-37. A nan furoton ɗin ake kamawa, kuma ƙarfinsa ya danganta da kusurwar da ya fita. Idan gas ya bazu a tsawon santimita 10 ko fiye, furoton da ya faɗa kan na'ura a wuri ɗaya yana iya fitowa daga farkon ɗakin ko daga ƙarshensa, kusurwa biyu mabambanta, kuma ba yadda za a tantance. Ga kuma bangon ɗakin da ke hana a kewaye wurin da na'urorin silikon masu gano ƙwayoyi.

Farkon shekarun 2010: shawarar tsartuwa

Tunanin da tawagar ta koma gare shi ba sabo ba ne. Tun 1982 masu bincike a Münster, Jamus, suka bayyana abin hari na tsartuwar gas mai gudun da ya wuce na sauti. Ana matsa gas ta wani ɗan baki, ya fito a tsaye kamar ruwan tiyo idan an matse bakinsa, ya ratsa hanyar bim, ya faɗa cikin mazurari da ke ƙasa. Babu taga, babu bango, babu kabon. Siffar bakin ma ta girmi fannin gaba ɗaya: injiniyan Suwidin Gustaf de Laval ne ya ƙirƙiro ta a 1888 don injinan tururi. Bakin yana tsukewa har zuwa wuya, sannan ya buɗe a hankali. Gas yana kai gudun sauti a wuyan, a wurin buɗewar kuma ya wuce shi, ya yi sanyi, kai-komon da zarrar ke yi ta ko'ina ya koma tafiya ta fuska ɗaya. Hiliyam da ya taso daga zafin ɗaki yana iya kai kusan kilomita 1.7 a daƙiƙa. Shi ya sa tsartuwar ke riƙe siffarta na ɗan tazara kafin ta watse, ko da a wurin da babu iska.

Abin da ya hana a yi amfani da ita da bim mai ƙaranci shi ne siranta. Tsartuwar da aka gina a baya don bim mai yawa aka gina su, inda siranta ba ta da lahani. Wadda Jami'ar Notre Dame ta bayyana a 2012 tana ba da hiliyam 'yan 10¹⁷ a murabba'in santimita, daidai da bukatarta. Tawagar kuwa tana neman kusan 10¹⁹, kaurin da zai yi kafaɗa da fallen leda.

Ƙara kauri yana nufin ƙara yawan gas da ke wucewa, kuma a nan aikin ya tashi daga hannun masu nazarin taurari ya koma aikin famfo da bututu. Gas ɗin da irin wannan tsartuwa ke ci ya fi ƙarfin a zubar da shi. Hiliyam yana da tsada, irin su hiliyam-3 da gas ɗin da aka tace sun fi tsada nesa ba kusa ba, haidurojin kuma yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iska. Dole a riƙa juya gas ɗaya: ya fito daga baki, ya shiga mazurari, famfuna su ɗaga matsinsa mataki-mataki zuwa na iskar waje, kwamfuresa ta danne shi, ya koma baki. Idan kuwa gas zai yi ta zagaye dubban sau, ɗigon mai ɗaya daga inji ya isa ya dawo da kabon ɗin da aka gudu dominsa.

Abin da aka gina ya bi wannan larura. An ɗauko kwamfuresar masana'antu mai tantanin ƙarfe, wadda mai ke tura tantanin ta baya ba tare da ya taɓa gas ba. Tana danne gas har matsinsa ya haura ninki 20 na iskar waje. Wuyan bakin feshin kusan milimita 1 ne. Tsakanin baki da mazurari an bar tazarar santimita ɗaya da ɗan ɗori, nan bim ke ratsawa. Mazurarin biyu ne, ɗaya cikin ɗaya: na ciki ya kama tsakiyar tsartuwar mai kauri, na waje ya kama gefen da ya fara bazuwa. Ɗan abin da ya kuɓuce musu kuma, famfunan da aka jera a gaba da bayan ɗakin harin suke kwashewa, kowane mataki da ramin da bim ke bi ta ciki, har matsin ya sauka zuwa na bututun bim. Hiliyam da haidurojin suna da wuyar zuƙa saboda rashin nauyinsu, suna komawa baya ta 'yan tsagogin cikin famfo, don haka famfunan suka zama manya kuma da yawa. Abin harin kansa bai fi ƙwayar wake ba, amma injinan da ke ciyar da shi sun cika ɗaki.

Afrilu 2012: an rufe tushen bim

Ana cikin wannan aiki, sashen da ke samar da bim na cibiyoyi masu gajeren rai a Tennessee ya daina karɓar masu bincike a watan Afrilu 2012, sakamakon shawarar kasafin kuɗi. Doguwar na'urar harba ƙwayoyi ta wurin, mai ƙarfin bolt miliyan 25, ta saura tana iya ba da bim na cibiyoyi masu ɗorewa. Da ita aka yi gwajin farko.

2013 zuwa 2015: awo da gwaji

Tambayar farko ita ce kaurin tsartuwar, tunda ba a ɗora ta a sikeli. An yi amfani da wani sinadari mai fitar da ƙwayoyin alfa, wato cibiyoyin hiliyam, masu sanannen ƙarfi, aka ajiye shi a gefe ɗaya, na'urar silikon mai layi-layi a ɗaya gefen. Alfa da ta ratsa tsakiyar tsartuwar tana isa da ragin ƙarfi fiye da wadda ta bi gefe. Daga ragin ake lissafa yawan zarra, daga layukan da ragin ya bayyana a kansu kuma ake gane faɗin tsartuwar. Rahoton da aka wallafa a 2014 ya nuna an wuce hiliyam 5 × 10¹⁸ a murabba'in santimita, a cikin faɗin 'yan milimita. A lokacin babu tsartuwar hiliyam da ta kai wannan kauri.

Sai gwaji da bim. An harba furoton kan tsartuwar naitirojin don nazarin matakan ƙarfi na naitirojin-12, wato ƙayyadaddun adadin ƙarfin da cibiyar ke iya riƙewa, aka kuma harba kan tsartuwar niyon. Duka biyun an wallafa su a 2015. Na niyon ya fi jan hankali, domin ya taɓa tsohuwar tambayar fulorin-18. Idan fulorin-18 ya haɗu da furoton, niyon-19 suke zama na ɗan lokaci kafin ya rabu zuwa oksijin-15 da hiliyam. Saurin wannan haɗuwa ya dogara ga matakan ƙarfi na niyon-19, har da wani mataki da ke ƙasa kaɗan da inda haɗuwar ke farawa, wanda aka daɗe ana gardama kan siffarsa. Tawagar ta bi ta bayan gida: furoton ya daki niyon-20 ya fizge masa nutiron ɗaya, ya bar niyon-19 a matakai daban-daban, kuma yadda ƙwayoyin da suka fito suka rarrabu a kusurwoyi ya nuna siffar kowane mataki. Niyon, kamar hiliyam, ba ya haɗuwa da komai, don haka a da sai an cusa shi cikin fallen kabon, kabon ɗin kuma ya rufe layukan da ake nema. Da tsartuwar niyon zalla an tabbatar da matakin da siffarsa. Amfanin wannan ga masu nazarin noba shi ne, yawan fulorin-18 da ya tsira daga haɗuwar shi ke ƙayyade hasken gama, ɗan'uwan eksire da ya fi shi ƙarfi, da ake fatan hangowa daga fashewar.

Har zuwa nan, tsartuwar ta nuna kauri da tsabta, amma da bim mai yawa. Abin da aka gina ta dominsa bai zo ba tukuna.

2016: agon-34

An kwance na'urar gaba ɗaya, da kwamfuresa da famfuna, aka kai ta wani ɗakin bincike na jami'a a jihar Michigan. A can ana fasa cibiyoyi masu gudu, a zaɓo wadda ake so daga tarkacen, a tsayar da ita cikin gas, sannan a sake harba ta da ƙarfin da ya dace da nazarin taurari. Kowane mataki yana cin wani kaso, kuma agogon rugujewa bai tsaya ba.

Kafin a taɓa bim mai tsada, an gwada da naitirojin-14 kan tsartuwar hiliyam, haɗuwar da ke ba da oksijin-17 da furoton. Wannan ita ce haɗuwar da Ernest Rutherford ya bayyana ganin furoton daga cikinta a Manchester a 1919, sai dai shi hiliyam ya harba wa naitirojin, su kuma suka juya.

A 2016 aka kawo agon-34. Dalilin zaɓensa shi ne matsayinsa a ƙunar tauraron nutiron: jerin haɗuwar da ke haɗiye hiliyam ta tofar da furoton yana ƙarewa a kusa da nan, kuma idan wannan mataki yana da jinkiri, kayan ƙuna suna taruwa suna jiran agon ya ruguje da kansa, abin da ke sauya siffar hasken da ake gani da irin tokar da ta saura. Kafin nan babu wanda ya taɓa auna shi kai tsaye. Masu lissafi suna amfani da tsarin ƙiyasi na Hauser da Feshbach, na 1952, wanda ke ɗaukar cewa matakan ƙarfi suna da yawa har ana iya aiki da matsakaicinsu. Amma wani awo da ba na kai tsaye ba, wanda aka yi a ɗakin binciken iThemba da ke kusa da Cape Town, Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2017, inda aka nazarci matakan kalsiyam-38 ta hanyar harba furoton kan kalsiyam-40, ya nuna saurin yana iya zama ƙasa ƙwarai da na ƙiyasin.

Tsartuwar ta yi aiki a tsawon gwajin, da hiliyam da ke kusa da 10¹⁹, na'urorin silikon sun kewaye ta, wata na'ura kuma tana can gaba tana tantance cibiyoyi masu nauyi da suka wuce. Cikas ɗin daga bim ya zo. Ƙwayoyinsa 'yan dubbai ne a daƙiƙa, kuma ba agon zalla ba ne. Agon-34 idan ya ruguje kulorin-34 yake komawa, nauyinsu kusan ɗaya, maganaɗisu ba ya raba su da kyau. Kulorin ɗin ma yana haɗiye hiliyam ya tofar da furoton, kuma furoton ba ya zuwa da shaidar wanda ya haife shi. Saboda ƙarancin bim kuma, an yi awon a ƙarfin da ya ɗara wanda haɗuwar ke faruwa a kai cikin tauraro, inda yiwuwar ta fi girma.

2023: sakamako

Sakamakon ya fito a 2023, shekara bakwai bayan gwajin. Abin da aka iya bayarwa shi ne jimillar yiwuwar haɗuwar agon-34 da kulorin-34 a haɗe, kuma ta dace da ƙiyasin Hauser da Feshbach. An kuma sami wata hanya ta biyu, inda agon-34 ke haɗiye hiliyam ya tofar da furoton biyu ya zama agon-36. Wannan ana iya jingina ta ga agon kaɗai, ita ma ta dace da ƙiyasin gwargwadon kuskuren da aka saba ba shi. Babban giɓin da awon iThemba ya nuna bai bayyana a awon kai tsaye ba. A tsakanin nan, a watan Mayu 2022, sabuwar na'ura mai ƙarfi ta maye gurbin tsohuwar a Michigan, an kuma haɗa tsartuwar da dogon jerin maganaɗisu mai tace cibiyoyin da haɗuwa ta haifar.

Hukunci

A ganina tsartuwar ta cika alkawarin da aka yi a kanta, kuma dalilin a bayyane yake idan aka dubi abin da ya kayar da sauran. Leda da ƙarfen da aka cusa wa hiliyam da akwati mai taga duk sun faɗi a wuri ɗaya: don a riƙe gas, sai an sa wani abu a hanyar bim. Dogon ɗaki ya kawar da wannan abu, amma ya biya da rasa sanin wuri. Tsartuwa ta daina ƙoƙarin riƙe gas ɗin. Tana barinsa ya wuce, ta kawo wani. Zarrar hiliyam tana ƙetare tazarar baki da mazurari cikin ƙasa da kashi 10 cikin miliyan na daƙiƙa, don haka bim ba ya samun abin da zai ƙona ko ya lalata, kaurin safe shi ne na yamma muddin kwamfuresa na riƙe da matsinta. Abin da ya bambanta wannan tawaga da magabatanta na 1982 shi ne yarda da ta yi ta sayi injin masana'antu, ta ɗauki nauyin juya gas mai yawa cikin tsabta.

Ba zan ce ta kori sauran hanyoyin ba. Inda haɗiyewa zalla ake aunawa, dogon ɗaki ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma DRAGON tana nan tana aiki da shi. Inda haidurojin ake so kuma bim ba ya cin roba, fallen leda da ɗalibi zai haɗa cikin yini ɗaya ya fi ɗakin famfuna da ke buƙatar masu kula da ka'idojin gobara. Wurin tsartuwa na gaskiya shi ne hiliyam da niyon da makamantansu, a awon da kusurwa ke da muhimmanci.

Game da agon-34 kuwa, ina ganin a karanta sakamakon da taka-tsantsan. Ya ƙarfafa amincewa da ƙiyasin, wannan gaskiya ne, amma jimillar cibiyoyi biyu ce, kuma a ƙarfin da ya fi na tauraro. Can ƙasa, inda matakan ƙarfi suka fi ƙaranci, nan ne aiki da matsakaici ya fi yiwuwar kuskure, kuma nan ne awon kai tsaye bai kai ba. Tsartuwa ba ta da laifi a wannan. Ƙara mata kauri ma ba zai magance ba, domin bim mai nauyi yana rasa ƙarfi cikin gas, idan kaurin ya yi yawa a koma rashin sanin ƙarfin da haɗuwar ta faru a kai. A mayar da misalin farko: bim mai ƙwaya 3,000 a daƙiƙa, hiliyam 10¹⁹. Idan yiwuwar haɗuwar ta sauka daga miliban 10 zuwa maikuroban 1, wato ta ragu sau 10,000, kamar yadda take faɗuwa da sauri idan aka rage ƙarfi zuwa na cikin tauraro, haɗuwa ɗaya za a samu cikin kwana 386. Sai bim ya ninka sau dubbai kafin a iya yin wannan awo cikin mako biyun da ake ba tawaga.